Gindin Ceɗiya

Kai da aka ba kujerar kansila jiya-jiya, zauna ka ji wannan kafin ka fara sa hannu a ayyuka. A wata ƙaramar hukuma an taɓa yin wani ɗan asibiti a bakin hanyar kasuwa, ɗaki biyu ne da rufin kwano, da wata tsohuwar ceɗiya a ƙofarsa. Matan ƙauyuka ba sa ma ce masa asibiti, sai dai su ce za su gindin ceɗiya. Ranar kasuwa nan suke sauke ƙoren nono, su kwance goyo, su sha iska, malamar asibitin ta fito da tirenta ta bi jarirai ɗaya bayan ɗaya da allurar rigakafi ana hira. Damuwarta guda ce, wuta. Janareto ya mutu, firji ya zama akwatin ajiye tsummoki, magani ba ya kwana sai ya lalace. Da ta ji majalisa ta yanke shawarar sa wa gine-ginen gwamnati wutar sola, har guɗa ta yi. Masu aikin suka zo suka zagaya ginin, suka ce rufin baya ya fi, can rana take wuni ba abin da ya tare ta. Ciyaman ya ce ina! Aikin da ba a hango shi daga titi, wa zai ce an yi shi? A gaba za a kafa farantan solar. Aka ce masa ceɗiya ta rufe gaban. Ya ce to ceɗiya ce ta zaɓe shi? Malamar ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta tuna da firjinta, ta fasa. Kafin la'asar an kai itacen ƙasa, mai gidan burodi ya kwashe rassan.

Wuta kam ta samu, ba ƙarya. Farantan suna ta walƙiya, duk motar da ta wuce sai an nuna su da yatsa. Firji ya yi sanyi ƙalau, aka cika shi da magani. Ranar kasuwa mata suka zo, suka tarar da kututture. Ɗakin ba ya cin mutum goma, sauran suka tsaya a rana da goyo, rufin kwano na tururi, nono na tsami, yara na tsala ihu. Mako na biyu rabinsu suka zo. Daga nan sai suka gano wata tsamiya can bayan kasuwa, suka koma sauka a can, hanyar asibiti ta mutu. Malamar ta aika, ta roƙa, ba wanda ya ƙi ta, kowa sai ya ce mata sai wani satin. Da bazara ta kama, ƙyanda ta shiga ƙauyukan, ta ɗauki yaran da ta ɗauka. Iyayen suka yi ta wucewa ta ƙofar asibitin da rana tsaka, an naɗe 'ya'yansu a tabarma, ita kuwa tana zaune a kan kututturen tana kuka, bayanta firji na ta gurnani cike da maganin da ba a yi wa kowa ba.

Ni ban ce kada a sa sola ba, a sa mana, alheri ce. Amma ka fara tambaya me ke tara mutane a wurin kafin ka ɗaga gatari. Abin da Hausawa ke cewa ke nan, garin neman gira aka rasa ido.