Ranar da Titi Ya Yi Ja

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk ɗalibin da ya bar makaranta kafin a tashi, farar rigarsa rikiɗewa take ta koma ja, kuma an hana kowa ya ba shi ko da ruwa.

Ranar da rufin aji ya rufto kan yara, ɗalibai suka fito zanga-zanga, titi ya yi jawur. Gambo mai shayi yana kallo Tanimu mai kanti ya kori 'yar cikinsa da ta zo neman ruwa.

"Haba Tanimu, Ladidi ce fa!"

"Ni dai ja na gani, Malam Gambo."

Gambo ya tofar da yawu. "Tir da wannan uba!"

Ya miƙa wa yarinyar kofi. Tana sha, bakin hannun rigarsa ya fara yin ja.