Famfon Motar Alhaji Umara

Wallahi ko Alƙur'ani na dafa ba za ku yarda ba, amma ni Ajimi, da na bar makaranta tun ina aji uku, ni na ɗaura wa motar Alhaji Umara sabon famfon mai a cikin tanki. Da hannuna, kuma ban taɓa wuni a gareji ba.

Shekarar wahalar mai ce, lokacin da layin gidan mai ke wuce ganin ido. Alhaji tsoho ne, amma zuciyarsa ta samari. Ya sayo wata farar mota mai ƙofa biyu daga Kwatano, aka ƙara wa injinta ƙarfi, sai ya zamana da ya taka ta a hanyar Damaturu sai ta shaƙe, don famfonta ba ya iya ƙosar da ita. Ya sa aka kawo masa babba daga Legas.

Ni kuwa ina neman 'yarsa Aisa. Wani saurayi Babakura ma yana nema. Alhaji bai ce ga wanda zai turo ba.

"Baba, wannan ai kafin shayinka ya huce ne," na ce masa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, ɗana. Ranar da motar nan ta yi gudun da nake so, turo manyanka."

Na ɗaga kujerar baya, na kwance murfin tanki, na zaro tsohon famfo yana ɗigar mai, na zura sabo, na haɗa tiyo da wayoyi. Ina murɗa makulli ta yi wani gurnani, har Aisa sai da ta leƙo daga zaure. Alhaji ya bar mini motar in yi ta gwaji, har sayen mai ya ɗora a wuyana.

Saura Babakura. Wata tsohuwar jar mota gare shi, kullum bayanta a ƙasa kamar agwagwa, amma in ya zo zance sai ka ce jirgi ya sauka. Shi ya raɗa mini Injiniya Aji-Uku, duk unguwarmu Mafoni suka ɗauka. To, da azahar, in zafi ya kora kowa ɗaki, yakan ajiye ta a gindin dalbejiya, bakin tankinta kuma ba makulli. Sai na dinga raɓawa ina ɗura mata kofin ruwa da tafin yashin kogin Ngadda mai laushi. Burina ɗaya: ta mace masa a ƙofar gidan su Aisa, yara su tura.

Ko tari ba ta yi ba.

Na ƙara yashi. Na ƙara ruwa. Da la'asar sai ya zo ya wuce ni ya nufi unguwar Gamboru, yana danna hon, yana ɗaga mini hannu. Na fara zargin laya ya rataya mata.

Motar Alhaji kuwa, wadda nake lallaɓawa kamar ƙwai, ita ta fara ciwo. A sannu tana tafiya lafiya, da na taka sai ta yi fizge-fizge, famfon ya kama kuka kamar sauro a kunne. Na canja filogi. Na goge kan batir. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka tsage. Tankin ne kawai ban sake buɗewa ba, don aikin da na yi da hannuna ba ya buƙatar dubawa.

Mai kuma ban da matsala da shi. Wata mata Ya Turai, mai bumburutu a Gamboru, ko ta sallami kowa ta ce ya ƙare, ni da na iso sai ta jawo wata koriyar jarka daga ƙarƙashin tebur, ta girgiza, ta juye mini. Farin jini ai ba a saye.

Aisa ta fara cewa in tsaya daga nesa, warin fetur na sa ta ciwon kai. Alhaji ya daina ce mini ɗana.

Ran nan ya gaji, ya karɓi makulli ya ce in shiga. Ko fita gari ba mu yi ba, a tsakiyar shataletale, ta yi wata shaƙuwa ta mutu murus. Ni na tura ta cikin rana har garejin wani makaniki, Alhaji na ciki yana fifita da hula. Makanikin ya buɗe tanki ya zaro famfon Legas. Ya ƙone, bakinsa cunkushe da laka.

Nan take dabara ta zo mini. "Baba, an cuce mu! Matar nan ce ta Gamboru, gurɓataccen mai take ba ni!"

Alhaji ya naɗe famfon a tsumma, muka hau tasi. Muna isa ya ajiye shi a kan teburinta, ni kuma na ɗaga murya don mutane su taru. Suka kuwa taru.

Ya Turai ta dubi famfon, ta dube ni.

"Wushe, sannu Alhaji. Ni jarkar nan ba tawa ba ce, Babakura ke kawo ta. Motarsa ai tanki biyu gare ta, irin ta masu kai mai Kamaru. Wanda bakinsa ke waje ba ya zuwa inji, na dakon kaya ne. Kullum da la'asar yake juye shi a nan, na sama ya sayar mini, na ƙasa-ƙasa ya zuba a koriyar."

Alhaji ya juyo a hankali, ya cire tabarau.

"Babakura ya ce in girgiza sosai, kuma kada in ba kowa sai Injiniya," in ji ta. "Wai ajiyar da kake ba shi kullum da azahar ce yake mayar maka."