Gosulo a Porte de la Chapelle

Cunkoson motoci ya tsare mu a mashigar birni ta Porte de la Chapelle da la'asar, ni da Baba cikin motarsa. Nan na gaya masa malamar Ingilishi ta soke mini "gosulo", wato go-slow, da jan biro, wai ba Turanci ba ne, 'yan aji suka yi ta dariya. A bakinsa na ji kalmar, shi kuwa daga Kano ya taho da ita.

Sai ya nuna motocin da ke jan ciki a gabanmu.

"Gudu suke ko a hankali?"

"A hankali, Baba."

"To, ina ƙaryar? Gobe ki sake faɗa, da ƙarfi."

Yau ni ke koyar da Ingilishi a Lyon. Da gosulo nake buɗe darasin farko, kuma ba na rage murya.