Kalaman da Waya ta Rubuta wa Tajuddeen

Ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. A tsaye na tare shi a zaure, na miƙa masa wayata.

"Karanta, Malam Tajuddeen. Da ƙarfi."

Ya duba. Saƙon da ya turo min da safe ne, ya manta bai goge layin farko ba: "Ga kalaman soyayya masu ratsa zuciya, kamar yadda ka buƙata." Ashe manhajar wayar nan mai rubuta wa mutum wasiƙa ce take zance da ni wata huɗu! Ni da na haifi biyar, na yi takaba, inji ne zai ce min tauraruwa? Ga shi gobe magabatansa za su taso daga Bagwai neman aurena.

"Fanta, ni bakina ne ba ya..."

"To in babu baki, babu aure. Faɗa min magana ɗaya wadda ta fito daga cikinka, ko ka hana su tasowa."

Ya hau murza hularsa. Har na juya zan shige gida.

"Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ke da damina," ya ce, idonsa a ƙasa, "ba 'yan gayya ne suka nome miki gero ba. Ni kaɗai ne, kwana uku."

Na tsaya cak, na kasa waiwayowa.

"Kai dai an yi sakarai," na ce. "Wannan ne ka kasa rubutawa? Ka ce su zo bayan la'asar."