Mahaucin da Ya Hana Ɗansa Rarrafe

Tun ɗazu kake cika mini kunne, wai masu bincike sun ce hankalin ɗan Adam ba rana ɗaya ya sauko ba, sannu-sannu ya tofo cikin zamunna masu tsawo, kuma wai in haka ne imaninka ya shiga uku. Zauna ka ji abin da ya sami wani mahauci.

Mahaucin nan sai da furfura ta fara fito masa Allah ya ba shi ɗa namiji. Wata rana ya dawo daga kwata ya tarar da yaron a tsakar gida yana rarrafe tsakanin ƴan awaki, baki duk ƙasa. Gabansa ya faɗi, domin shi duk abin da ya sani mai tafiya da ƙafa huɗu, ƙarshensa wuƙa ce. Ya sure yaron, ya kafa doka: ɗansa ba zai ƙara rarrafe ba, tunda Allah ya karrama ɗan Adam, kuma wanda ya karrama shi zai miƙar da shi tsaye ranar da ya so. Wauta ce tsagwaronta, amma ta sha rawani, wa zai yi mata musu? Daga ranar yaro ya tare a bayan uwarsa. Goye da shi take daka, goye da shi take wanki, in ta sauke shi sai cikin daro da tsummokara. Damina ta wuce, rani ya bi bayanta. Tsaransa suna guje-guje a lungu, shi kuwa in an tsayar da shi sai ya zube kamar buhun da ba komai a ciki. Tsoro ya kama mahauci, kada yaron nan ya tashi gurgu. Ya karɓo rubutu, ya yi sadakar ƙosai har maƙwabta suka ƙoshi, yana ta ƙorafin an ƙi amsa masa addu'a. Abin haushin ke nan: da baki yana roƙon Allah ya tayar da yaro, da hannu yana toshe hanyar da Allah yake tayar da yara.

Ranar da matar ta kai bango, sai ta kwance zane ta dire yaron a ƙasa a gabansa, ta ce, "Maigida, bayana ya ƙare. In akuya na haifa maka, gobe ka tafi da shi kwata." Dole mahauci ya janye dokarsa. Yaro ya koma jan ciki, ga shi ya yi girma da abin, yaran maƙwabta suna leƙe suna dariya, uban yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gwiwoyi suka yi baƙi, suka yi kanta. Can wata la'asar, mahauci ya idar da salla yana zaune a kan buzu, sai ya ji an damƙi rigarsa ta baya ana ja. Ya waiga. Yaron ne tsaye, ƙafafu suna rawa, ya zuba masa ido ya ce, "Baba." Mutumin da hannunsa bai taɓa rawa a kan wuƙa ba ya fashe da kuka.

To, ni ba na nan lokacin da aka tsara yadda hankali zai zo mana, kai ma ba ka nan. Amma don an ce maka hanyar ta yi tsawo, ta kuma bi ta ƙasa, wa ya gaya maka ba ta da Mai ita? Daina zaɓar wa Ubangiji yadda zai yi aikinsa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da rarrafe yaro kan tashi.