Kalmomi Huɗu a Takardar Likita

Watansa uku da aure wani kafinta ya faɗo daga kan tsani, ya karye a hannun dama. A asibiti aka gyara ƙashin, aka naɗe hannun da siminti.

Likitan baƙo ne, Turanci kaɗai yake ji. Ya miƙo takarda mai kalmomi huɗu yana ta bayani. Nas ta ce bari ta kira tafinta, kafinta ya ce ba ya bukata. Tun suna zance ya gaya wa amaryarsa Turanci a bakinsa kamar ruwa. Yau a gabanta zai ƙaryata kansa?

Ita kuwa amarya akwai son sanin komai. Suna isa gida ta baje takardar a cinya.

"Maigida, wannan ta farkon me take nufi?"

"Ciwo."

"Ta biyun fa?"

"Ciwo dai. Sauran ma haka."

"Ikon Allah! Turawa ba su da aikin yi ne, kalma huɗu duk ciwo?"

"Haka yarensu yake. Ke dai kawo min ruwa."

Washegari simintin ya ɗame shi kamar an ɗaure da waya. Ta taɓa yatsunsa ta ji sanyi ƙalau.

"Motsa min wannan in gani."

"Karaya ce fa, ba kwalliya ba," in ji shi, yana murmushin dole.

A kwana na uku cokali ya gagare shi. Ta sa kuka har sai da ya yarda suka koma. Wannan karon ita da kanta ta nemo tafinta, ya karanta musu: ta farko matsewa, ta biyu sandarewa, ta uku sagewa, ta huɗu kumburi. Ƙasansu an rubuta: in ka ji ɗaya daga ciki, dawo nan take.

Aka yanke simintin, amma jini ya daɗe bai kai ga yatsun ba. Yatsu uku suka ƙage. Hannun da ya ƙera mata gadon aure bai sake riƙe guduma ba.

Ta rungume hannun tana hawaye. "Da ka ce min ba ka sani ba, wallahi da na ƙara son ka."

Mai karatu, in an yi maka bayanin jikinka da yaren da ba ka ji, tambaya har sai ka gane. Kunyar cewa "ban sani ba" ta minti ɗaya ce, nakasa kuwa ta har abada.