Idon Kaka Lafiya Ƙalau

Likita ya ce wa Direba hawan jinin idon da ya kama shi yana bin jini, don haka ya kwaso gidan kaf zuwa asibiti: 'ya'yansa uku, da Kaka wadda yake kira Inna, har da tsohuwar mai wankin da ta shekara arba'in tana musu aiki. Ita dama ciwon ya riga ya cinye mata ido ɗaya.

A bencin jira, kusa da mai wanki ya zauna. Maganin ɗigawarsu iri ɗaya ne, suka hau gwada kwalabe suna dariya.

"Abokiyar ciwona," in ji shi, "ke ma yana miki yaji?"

Kaka ta ja tsaki. Ita ta goya shi, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta yi masa aure. Tafiyarsa da taurin kansa, ta daɗe da sanar da duniya a wurinta ya ɗauko. Ba za ta zauna wata ta raba ko da ciwo da shi ba.

Da aka kira ta, aka sa ta leƙa cikin na'ura, aka ba ta maɓalli ta danna duk sanda ta ga ɗigon haske. Ta ga na dama, ta ga na hagu, ta ga har ƙurar da ke jikin gilashin. Ta ƙi dannawa.

Likita ya auna ƙarfin idon, ya haska cikinsa, ya yi murmushi.

"Kaka, idonki ya fi nawa."

"Ƙarya na'urar take. Sake aunawa."

Direba ya fashe da dariya. "Inna, mutane na roƙon lafiya, ke kina faɗa da ita?"

"Mahaifinka fa?" likita ya tambayi Direba.

"Tela ne. Har ya rasu shi ke sa wa kansa zare a allura."

Likita ya juya biro a hannu. "To, irin naka da ya zo da wuri, yawanci akwai wanda aka gada."

Kaka ta kawar da kai. Ta ƙofar da aka bari a buɗe ta hango mai wanki ta karkato kunne, kanta a sunkuye kan kwalbar magani, kamar yadda ta sunkuyar da shi ranar da ta miƙa wa Kaka jaririnta ɗan kwana bakwai, ta rantse ba za ta taɓa faɗa masa ita ta haife shi ba.